Yadda Ake Haɗa Eriyar Rediyo a Gida: Jagora ga Mazauna Shanono da Kewaye

Duk mai sauraron rediyo a Shanono, Faruruwa, Tsaure, Kokiya ko Alajawa ya san wannan ciwon kai. Ana tsakiyar labarai sai murya ta nutse cikin shuu, a ɗaga akwatin sama, a juya shi, a jingina eriyarsa da ƙarfen taga, wani ma ya kama ta da hannu har a gama shirin. Daga nan sai a yanke wa rediyon hukunci cewa ya tsufa, a sayo sabo ranar kasuwa, shi ma ya ɗauko halin ɗan'uwansa. Sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau. Abin da ya rasa abu uku ne: eriya mai tsawon da ya dace, tudun da za ta hango tasha, da mahaɗar waya mai tsabta. Ukun nan duk mutum zai iya samar da su a gidansa.

Dalilin da FM ke wahalar kamawa a nan

Siginar FM miƙe take tafiya, ita kuwa ƙasa a lanƙwashe take. Tsakanin Shanono da birnin Kano akwai kimanin kilomita 60 in aka ja layi miƙe, kuma birnin yana gabas. A ce ƙarfen da tasha ta ɗora eriyarta a kai ya kai mita 100. Daga can siginar na iya hango kimanin kilomita 41 kafin doron ƙasa ya tare ta. Shi ma mai sauraro yana da nasa hangen: rediyon da ke kan benci, mita 1 daga ƙasa, yana ƙara kilomita 4 kacal, eriyar da aka ɗaga mita 4 tana ƙara 8, mai mita 9 tana ƙara 12, mai mita 16 tana ƙara kusan 17.

Idan ka haɗa lissafin za ka ga Shanono na zaune ne a daidai gaɓar da siginar ke fara mutuwa. Ba ta yankewa lokaci guda, amma tana raunana da sauri. Shi ya sa kowace mita ɗaya da ka ƙara wa sandar eriyarka take da daraja fiye da kowane sabon akwati.

Eriya awo ce

Mai kaɗa molo ya san cewa gajeriyar tsirkiya siririyar murya take bayarwa, doguwa kuma kakkaura. Haka eriya take: kowane tsawo da lambar tashar da yake amsawa. Lambar da ake faɗa wa masu sauraro, kamar 99.5 ta Freedom Radio ko 89.3 ta Rediyon Kano, tana nuna sau miliyan nawa siginar ke kaɗawa a daƙiƙa ɗaya, abin da ake kira megahaz. In ka raba 300 da wannan lamba, ka sami tsawon zangon tashar a mita.

Eriya mafi sauƙi ita ce mai hannu biyu, wadda masu sana'ar ke kira daifol. Tsawonta rabin zango ne, an ɗan rage kaɗan saboda yadda wuta ke gudu a jikin ƙarfe. Ƙa'idar da za ka haddace guda ce: raba 143 da lambar tasha, amsar ita ce tsawon eriyar gaba ɗaya a mita, ka raba shi biyu, kowane hannu ya ɗauki rabi.

Dala FM, 88.5: kowane hannu santimita 81.
Arewa Radio, 93.1: santimita 77.
Rahma Radio, 97.3: santimita 73 da rabi.
Freedom Radio, 99.5: santimita 72.
Pyramid FM, 103.5: santimita 69.

Ba sai ka yi wa kowace tasha tata ba. Zangon FM ya kama daga 87.5 zuwa 108, tsakiyarsa 98. Ka yanka kowane hannu santimita 73, zai ɗauko maka dukkansu gwargwado. Sai in akwai tasha guda da ta fi ba ka wahala, to ka yanka a kan awonta.

Kayan da za ka tanada

Wayar tagulla mai kauri, irin ta wayarin ɗin gida mai lamba 2.5, ko sandunan alminiyam na tsohuwar eriyar talabijin. Sanda ta fi waya, domin kaurinta na sa eriya ta kama tashoshi da yawa ba tare da ta zaɓa ba.

Wayar dish mai lamba RG6. Tana da zuciya ɗaya a tsakiya, farar roba ta kewaye ta, sannan raga ta lulluɓe su. Ƙarfin jurewarta om 75 ne, ita kuma daifol kimanin 73, don haka jininsu ya haɗu ba tare da wata na'ura a tsakani ba.

Guntun fayif na roba ko busasshen katako, noti biyu da wasa-wasansu, baƙin salatif na masu gyaran wuta, filaya, sukundireba, da gora ko dogon fayif na ƙarfe. Abin awo kuwa, tef ɗin tela ya isa: santimita 150 ne, eriyar gaba ɗaya 146.

Haɗa daifol mataki-mataki

Na ɗaya, yanke hannaye biyu, kowanne santimita 75. Gara ka bar rara, domin abin da aka yanke ba ya komawa.

Na biyu, huda ramuka biyu a tsakiyar katakon, tazarar santimita 2 a tsakaninsu. Ɗaura kowane hannu a notinsa, su miƙe a layi ɗaya, ɗaya nan ɗaya can. Kada su taɓa juna. Awon 73 yana farawa daga noti zuwa ƙarshen hannu. Rarar ka datse ta, ko ka naɗe ta baya a jikin wayar.

Na uku, feƙe bakin wayar dish kimanin santimita 4. Tattara ragar gefe ɗaya ka murɗe ta ta zama igiya. Zuciyar ta tafi noti ɗaya, ragar ta tafi ɗayan. A nan ne aka fi yin ɓarna: silin raga ɗaya tak, siriri kamar gashi, in ya kwanta ya taɓa zuciyar, eriyar ta mutu. Ka duba da kyau a cikin hasken rana. Sannan ka sani ragar yawancin wayoyin dish na kasuwa alminiyam ce, ba ta cin dalma. Kada ka ɓata lokaci da ƙarfen liƙi, ka matse ta da noti tsakanin wasa biyu.

Na huɗu, dab da mahaɗar, naɗe wayar dish ɗin zagaye 4 ko 5, faɗin bakin kofin shayi, ka ɗaure da salatif. Wannan naɗi yana hana bayan ragar zama eriya ta biyu mai kwaso hayaniyar cikin gida.

Na biyar, rufe mahaɗar ruf da salatif, ka kifa mata gindin gorar ruwa ta roba. Bakin wayar ya kalli ƙasa, kada ya kalli sama ya zama mazurari.

Na shida, ɗaga. Eriyar ta wuce rufin kwano da aƙalla mita 1 da rabi. Gwada ta a tsaye, sannan a kwance, domin tashoshi sun bambanta a yadda suke sako siginarsu. In a tsaye ce, hannun da ke haɗe da zuciyar waya shi ne a sama, ka nisanta ta da sandar ƙarfe kimanin santimita 60, wayar dish ta fita ta gefe kafin ta gangaro. In a kwance ce, hannayen su nuna kudu da arewa, ƙirjinta ya fuskanci gabas.

Na bakwai, haɗa da rediyo. Mai ramin eriya a baya, sa masa fulogi kawai. Wanda ba shi da rami, ka tura eriyarsa ta koma ciki gaba ɗaya, ka maƙala zuciyar wayar a kanta. Ragar kuma ka gwada taɓa ta a sifirin na gidan batir, in murya ta ƙaru ka bar ta nan. Wannan dabara ta rediyo mai batir ce kaɗai, ba a yi wa wanda ke jone da wutar lantarki.

Kada wayar ta yi tsawon banza. A zangon FM, RG6 mai mita 15 tana cinye kimanin kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin sigina, mai mita 45 kuwa rabi take cinyewa. Ka kafa sandar kusa da ɗakin da ake sauraro.

In daifol ba ta wadatar ba

Gidan da ke cikin kwari ko bayan dutse yana bukatar eriya mai hangen gaba. Ita ce Yagi, wadda Shintaro Uda da Hidetsugu Yagi suka ƙirƙiro a Jami'ar Tohoku ta Japan a 1926. Tsoffin eriyoyin talabijin masu kama da tsani yawancinsu 'ya'yanta ne.

Samo katako mai santimita 120. Daifol ɗinka ta zauna a kai a kwance. Bayanta da santimita 61, ɗaura sanda guda mai santimita 153. Ita ke maido da sigina gaba. Gabanta da santimita 46, ɗaura wata mai santimita 138. Ita ke jawo ta. Waɗannan sanduna biyu ba a raba su a tsaka, ba a kuma jona musu kowace waya. Tsakiyar kowace ta hau kan katakon, duk ukun su jeru daidai.

Gajeriyar sandar ita ce goshi, ita za ta kalli Kano. Ka tsaya kamar za ka yi salla, ka ɗan karkata dama zuwa mafitar rana, nan ne. Sai wani ya zauna gaban rediyo, kai kana murza sandar a hankali, yana gaya maka inda murya ta fi fita garau. Irin wannan eriya kan ninka ƙarfin sigina sau uku zuwa huɗu, amma tana juya wa sauran sassa baya. Mai son tashoshin Katsina sai ya murza ta arewa, ya ɗan karkata yamma.

Gajeren zango da matsakaici

Gajeren zango ne ya kawo wa karkarar ƙasar Hausa Sashen Hausa na BBC a 1957, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, da Rediyon Faransa a 2007. Shi doron ƙasa ba ya tare shi, domin siginarsa sama take tafiya, ta daki wani shimfiɗi na iska mai ɗauke da lantarki da ke sama da kilomita 100, ta dawo ƙasa a wata nahiya. Rana ce ke sarrafa wannan shimfiɗi. Da rana mita 19 da 16 sun fi kamawa, da dare da asuba kuwa mita 49, 41 da 31. Manyan tashoshin duniya kuma suna sauya lambobinsu sau biyu a shekara, a ƙarshen Maris da ƙarshen Oktoba. In tasha ta ɓace a waɗannan lokuta, ka neme ta a wata lamba kafin ka zargi eriya.

Ƙa'idar 143 tana aiki a nan ma. Lambar da aka daɗe da sanin Rediyon Najeriya Kaduna da ita, kilohaz 6090, daidai take da megahaz 6.09, daifol ɗinta mita 23 da rabi. Amma mai sauraro kawai ba ya bukatar wannan. Waya guda mai mita 10 zuwa 15, daga kan katanga zuwa reshen darbejiya, ta isa. Kowane ƙarshe a ɗaure shi da guntun fayif na roba, sannan igiya ta ƙarasa zuwa reshen. A gefen bishiya a saka robar tayar babur a tsakani, domin in iskar farkon damina ta kaɗa reshe, robar ta miƙe maimakon wayar ta tsinke. Ƙananan rediyoyi ba sa jure doguwar waya sosai: in ka ji tashoshi sun hau kan juna, cire wayar daga jikin eriya, ka naɗa ta da robarta zagaye 5 a kai ba tare da ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba.

Matsakaicin zango kuwa eriyarsa na cikin akwatin, wata baƙar sanda ce da aka naɗe da siririyar waya. Jawo eriyar waje ba ya ƙara masa komai. Akwatin ake juyawa har a dace.

Gwaji a kwamfuta kafin a yanka ƙarfe

Ɗaliban kimiyya da masu gyaran rediyo da ke da kwamfuta suna iya gina eriya a allo tukuna. Tushen yawancin manhajojin shi ne lissafin NEC, wanda aka samar a ɗakin bincike na Lawrence Livermore a Amurka, sigarsa ta biyu ta fito a 1981. Manhajar 4nec2 kyauta ce, MMANA-GAL na da sigar kyauta, EZNEC ma mai ita Roy Lewallen ya sake ta kyauta tun 2022.

Abin da ake ba manhaja shi ne inda kowace waya ta fara da inda ta ƙare, kaurinta, lambar tasha, tsayinta daga ƙasa, da wurin da aka jona wayar saukowa. Ita kuma ta datsa kowace waya gunduwa-gunduwa, ta lissafa wutar da ke bi ta kowace gunduwa, ta zana maka inda eriyar ke ji da inda ta kurmance. Fara da daifol a sarari, ba ƙasa a ƙarƙashinta, ka raba ta gunduwa 21, mahaɗa a ta tsakiya. In amsar ta fito kusa da om 73, ka shigar da bayanai daidai. In ta yi nisa, duba ko ka rubuta santimita a gurbin mita, ko faɗin waya a gurbin rabinsa. Daga nan sai ka ƙara sanda ta baya da ta gaba, ka riƙa matsar da su kana kallon yadda zanen ke tsukewa.

Sai dai manhaja ba ta san da rufin kwanonka ba, ba ta san da mangwaron maƙwabci ba. Waya mai roba a jiki ma takan bukaci a rage mata kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Mai ƙaramar na'urar awo ta NanoVNA zai ga lambar da eriyarsa ta fi amsawa. In ta faɗi ƙasa da wadda yake so, eriyar ta yi tsawo. A zangon FM, santimita 1 da aka datse a kowane hannu yana ɗaga ta sama da megahaz 1, saboda haka a bi a sannu.

Gano matsala bi da bi

Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, a saurara, sannan a wuce na gaba.

Ba bambanci tsakanin sa eriya da cire ta: ko waya ta yanke, ko raga ta taɓa zuciya. Cire wayar daga rediyo, ka sa mitar masu gyara tsakanin zuciya da raga. Bai kamata ta yi ƙara ba. Sannan ka haɗe hannayen biyu a sama da guntun waya, ka sake aunawa. Yanzu dole ta yi ƙara. In ba ta yi ba, akwai yankewa a hanya. Duba inda awaki ke kaiwa da baki, da inda ƙofa ke matse wayar.

Tana yi da rani, ta lalace da damina: ruwa ya shiga. Feƙe wayar ka gani. Raga mai kyau tana sheƙi. Wadda ta sha ruwa takan yi fari-fari kamar an barbaɗa mata toka, ko ta yi baƙi. Yanke har inda ta koma sheƙi. Kafin wayar ta shiga ɗaki, bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa ta sake hawa, ruwa ya ɗige a waje.

Ƙarar ƙyas-ƙyas in iska na kaɗawa: noti ya saki, ko tsatsa ta shiga inda tagulla ta haɗu da alminiyam. Kankare, matse, shafa ɗan giris, rufe.

Zuuu da ba ya yankewa, musamman a gajeren zango: daga gida yake. Sa rediyon a batir, ka kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda aka fi kamawa su ne cajar waya mai araha, ƙwan fitila na zamani, na'urar cajin sola da inbata. Mai shagon cajin waya ya kai eriyarsa nesa da shagon iya yadda zai iya. Tas-tas mai bin tashin inji kuwa fulogin janareta ne ko na babur.

Tana kamawa da asuba, ta gudu da hantsi: yanayin iska ne kan lanƙwaso siginar FM da sassafe har ta yi nisa. Kada ka yaba wa eriya da asuba, gwada ta da azahar.

Busta da ake tallatawa ba ta ƙirƙirar siginar da babu. Abin da eriya ta kamo take ƙarawa, har da hayaniyar. A gyara awo da tsayi tukuna.

Tsawa da wayar lantarki

Nisan sandarka da wayar lantarki ya ninka tsawon sandar sau biyu, yadda ko ta faɗi ba za ta kai ba. Kada a ɗaura waya a jikin turken wuta, kada a tsallaka ta sama ko ƙasan layin, ko da an shekara ba a kawo wuta ba. Sandar ƙarfe a haɗa ta da kakkaurar waya zuwa rodin da aka kafa mita 1 da rabi a ƙasa mai damshi. Gora kuma a duba gindinta kafin damina saboda gara. Duk da haka babu rodin da ke tare aradu in ta sauka kai tsaye. Da hadari ya haɗo, tun kafin a fara walƙiya, a cire wayar daga rediyo a jefa bakinta waje. A koya wa matan gida da yara wannan, domin sau da yawa maigida na gona lokacin da hadari ke tasowa.

Mai son ya yi magana, ba sauraro kaɗai ba

Akwai masu sha'awar rediyo a duniya da ke gaisawa da juna daga ƙasa zuwa ƙasa da eriyoyin da suka haɗa da hannunsu. Kowa da lambar kiransa: ta Najeriya kan fara da 5N, ta Nijar da 5U. Lissafinsu shi ne wanda ka koya. A megahaz 7.1 daifol mita 20 ce, a 14.2 mita 10, a 145 kuwa, inda ake amfani da 'yan oba-oba, kowane hannu santimita 49. Bambancin shi ne mai aikawa dole ya auna abin da ake kira SWR, wato yawan wutar da eriya ke maidowa cikin na'ura. In ya haura 2, na'urar na iya zafi ta lalace. Kuma doka ta raba mai sauraro da mai aikawa: sauraro ba ya bukatar izini, amma aika sigina sai da lasisin gwamnatin tarayya, buɗe tashar watsa shirye-shirye kuma sai da na hukumar NBC.

Saboda haka, kafin ka kai kuɗin taki wurin mai sayar da rediyo, ari tef ɗin tela, ka yanka santimita 73 sau biyu, ka ɗaga su sama da rufi. In ta yi, ka kira yaran unguwa ka nuna musu yadda aka yi lissafin, su haɗa wa dattawan da ba sa iya hawa katanga. Allah ya ba da sa'a.